Gyaran Turancin Ɗalibi Daga Hausarsa Yake Farawa: Batun Mahaɗi da Daidaiton Jeri

A wani zagaye na duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, na shiga wani aji na ƙaramar sakandare a unguwar Kwaciri, cikin Ƙaramar Hukumar Fagge. Ɗalibin da na je dubawa Hausa da Turanci ya haɗa a kwaleji, ran nan kuwa darasin Turanci ne ya faɗo a kansa. Ya rubuta kalmomi bakwai a kan allo, waɗanda littattafan nahawun Turanci suke sa yara su haddace a matsayin mahaɗai masu daidaita sassan jimla, wato “and” da “but” da “or” da “nor” da “for” da “so” da “yet”. A gaban kowace ya ajiye fassararta: “and” ita ce “da”, “but” ita ce “amma”, “or” ita ce “ko”. Yara suka yi ta maimaitawa da ƙarfi har ajin da ke maƙwabtaka da su yana ji. Da ya nemi a ba shi misali da Hausa, sai wata yarinya ta miƙe ta ce, “Na je kasuwa da na sayi shinkafa.” Ya ce a tafa mata, aka tafa.

Bayan an tashi na tambaye shi ko ya saurari jimlar yarinyar da kyau. Ya ce, “Malam, ai fassara ce kawai don su gane.” Na ce, “To, in ka koma gida ka faɗa wa Inna wannan jimlar, me za ta ji?” Ya yi shiru, can sai ya yi murmushi ya ce, “Za ta ɗauka sai da na sayi shinkafar sannan na je kasuwar.”

Ban ga laifin wannan ɗalibi ba, domin yadda aka koya masa ya koyar. Laifin yana ga hanyar da muka daɗe muna bi, inda ake ɗaukar darasin mahaɗi tamkar haddar kalmomi, a jera na Turanci a hagu, a jera na Hausa a dama, a ce wannan ita ce waccan. Ra’ayina shi ne, ɗan Bahaushe ba zai iya sarrafa mahaɗan Turanci ba, ba zai kuma iya daidaita jerin da ke cikin jimlarsa ta Turanci ba, sai an fara nuna masa yadda harshensa yake haɗa zance. Wannan aiki kuwa na malamin Hausa ne kafin ya zama na kowa.

Mu fara da “da”, tun da ita ce tushen rikicin. Kalmar “and” ta Turanci ba ta da zaɓi. Tana haɗa suna da suna, tana haɗa aikatau da aikatau, tana haɗa jimla sukutum da wata jimla sukutum. “Da” ba haka take ba. Aikinta shi ne haɗa suna da abin da ya yi kama da suna, kamar wakilin suna katsattse ko sunan aiki: Audu da Bala, ni da kai, ci da sha, saye da sayarwa. Da zarar an kai ga aikatau mai ɗauke da zaginsa da lamirin lokacinsa, to ikon “da” ya ƙare. Bahaushe ba ya cewa “ya ci da ya sha” yana nufin ya yi duka biyun. In ma ya faɗi haka, to wata “da” ce dabam ta shigo, wadda take nuna lokacin da abu ya faru, irin ta “da ya zo sai muka tafi”. Ita ce ta juya wa yarinyar Kwaciri magana, ta sa sayen shinkafa ya riga zuwa kasuwa. Masana nahawun Hausa sun daɗe da fayyace wannan. Duk wanda ya duba babban littafin nahawu na Paul Newman da ya fito a 2000, ko na Philip Jaggar na 2001, zai tarar da bayanin a sarari. Amma ba sai an je ga littafi ba, kowace tsohuwa a Fagge ta san shi a kunnenta ko da ba ta taɓa jin kalmar mahaɗi ba.

To da me Hausa take haɗa jimloli? Yawanci ba ta haɗa su da komai. Jera su take yi, ɗaya bayan ɗaya, ta bar zagin aikatau ya riƙe zaren: “Na je kasuwa na sayi shinkafa na dawo.” Wannan cikakkiyar Hausa ce, ba abin da ya ɓace a cikinta. Sai dai ranar da yaro ya ɗauki wannan zubi ya kai shi takardar Turanci, zai rubuta “I went to the market, I bought rice, I came back”, malami kuma ya ja masa jan biro, domin ƙa’idar rubutun Turanci ba ta yarda a haɗa cikakkun jimloli da waƙafi kaɗai ba. Turanci yana so a faɗi mai aikin sau ɗaya, a jera aikatau uku a bayansa, a sa “and” kafin na ƙarshe. Hausa kuwa a irin wannan jeri ba ta barin aikatau ya tsaya ba zagi. Yaron bai yi wauta ba. Ƙa’idar wani harshe ya bi daidai wa daida, a inda ake neman ta wani. Abin takaici, jan biron ba ya gaya masa haka. Yana dai gaya masa ya yi kuskure, shi ke nan, sai ya sake yin irinsa a mako mai zuwa, har ya kai shi zauren jarrabawar WAEC ko NECO, inda rashin kiredit a Turanci yake tsare mutum a ƙofar jami’a ko da ya ci sauran darussa.

Akwai wani wuri da Hausa ta yi wata dabara mai kyau wadda ɗalibanmu suke yi a baki kullum, amma suke mantawa da ita in sun ɗauki alƙalami. Idan za a jera ayyukan da za a yi nan gaba, lamirin lokaci sau ɗaya ake faɗinsa, sauran su biyo a sigar umartau: “Zan je Kantin Kwari in sayo atamfa in kai wa tela.” Haka ma a lokaci sabau: “Yakan tashi da asuba ya yi salla ya buɗe shago.” Ko korewa ma sau ɗaya takan rufe ayyuka biyu, kamar a “bai zo ya gaishe ni ba”. Ɗalibin da ya yi tunani da Turanci ya rubuta da Hausa kuwa sai ya ce, “Zan je Kantin Kwari, zan sayo atamfa, kuma zan kai wa tela.” Ba za a ce jimlar ta karya nahawu ba, amma ta sauya magana. Ta farko tafiya ɗaya ce mai gaɓa uku, ta biyu alkawari uku ne aka ajiye kusa da juna, irin na mai neman ƙuri’a.

Wannan ya kawo mu ga “kuma”, wadda ta zama jakar magori a rubutun Hausa na yau. Da marubuci ya lura “da” ta ƙi yi masa aikin “and”, sai ya ɗauko “kuma” ya ɗora mata kayan. A asalinta “kuma” ’yar’uwar “dai” da “fa” da “ma” da “kam” da “kuwa” ce, wato ’yan kalmomin nan masu gyara zance da ba su da mazauni ɗaya. Shi ya sa take iya yawo a cikin jimla: kuma ya zo, ya kuma zo, shi kuma ya zo. Kowanne da ɗanɗanonsa, na ƙarshen ma har ya ɗan kawo bambanci tsakanin mutumin da waninsa. “And” ba ta iya wannan yawo, wurinta ɗaya ne, tsakanin abin da ta haɗa. Ma’anar “kuma” ita ce ƙari a kan abin da aka riga aka faɗa, saboda haka in an sa ta a kan kowace jimla sai ta rasa nauyi, kamar mai shela da ya yi ta cewa “bayan wannan” alhali bai faɗi komai ba tukuna.

Adalci shi ne a ce ba Turanci kaɗai ya jawo wannan ba. Larabci ya riga shi. Harafin “wa” na Larabci yana haɗa sunaye, yana kuma buɗe jimloli, kuma malamanmu na zaure da suke fassara littattafai kalma bayan kalma sun saba mayar da shi “kuma” a farkon jimla. Wanda ya karanta tarjamar ma’anonin Alƙur’ani mai girma ta marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya san yawan ayoyin da fassararsu ta fara da wannan kalma. A can akwai hujja mai ƙarfi, domin mai tarjama yana tsoron ya zubar da ko harafi ɗaya na nassi. Amma ɗalibin da yake rubuta insha’i a kan ranar kasuwa ba nassi yake tarjamawa ba, ba shi da wannan uzuri.

Haka abin yake wajen jera sunaye. Zubin Hausa shi ne kowane suna ya zo da “da” tasa: gero da dawa da masara da wake. Har na farkon ma yakan samu, musamman in ana so a nuna ba wanda aka bari: da yara da manya, da mu da su. Wannan maimaici ba ado ba ne kawai. Kafin rubutun boko ya kafu, tun daga makarantar Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da ƙa’idojin rubutun da ya fitar a 1912, Hausa ba ta dogara da waƙafi irin na boko wajen raba abubuwan da aka jera ba. “Da” ce take yin wannan aiki, a baki da a ajami. Turanci kuwa waƙafi yake sawa tsakanin abubuwa, ya ajiye “and” sai a ƙarshe. Yau in ka bi ta Sabon Gari ko Singa ko Kantin Kwari kana karanta allunan shaguna, zubin Turanci za ka fi gani sanye da rigar Hausa: “Atamfa, leshi, shadda da kuma yadi.” Wannan “da kuma” ta ƙarshe ba wata ba ce illa “and” ta Turanci.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne a ciki, tun da kowa ya gane? Zan dawo ga wannan, domin tambaya ce mai hujja. Amma kafin nan ga wasu wurare biyu da rashin sanin bambancin yake jawo asara kai tsaye. Na farko, Hausa ta yarda da “ko da yake” da “amma” su zauna cikin jimla ɗaya: “Ko da yake ya makara, amma an bar shi ya shiga.” Babu Bahaushen da zai ji wani abu a nan. Turanci bai yarda “although” da “but” su haɗu haka ba, ɗaya ake zaɓa. Na sha ganin wannan kuskure a takardun ɗaliban shekarar ƙarshe, har da waɗanda Turancinsu yake da kyau ta sauran fuskoki. Na biyu, Bahaushe yakan ce “mun je Zariya da Audu” yana nufin shi da Audu su biyu rak. Jam’in da ke cikin “mun” ya riga ya ƙidaya Audu. In aka kwashe jimlar kalma-kalma zuwa Turanci, mai karatu zai ɗauka aƙalla mutum uku ne suka yi tafiyar. A hira wannan abin dariya ne. A rahoton da aka rubuta wa ’yan sanda, ko a takardar neman kuɗin tafiya, ba abin dariya ba ne.

Yanzu sai ɗaya ɓangaren, wanda malaman Turanci suke koyarwa tare da mahaɗi, wato abin da zan kira daidaiton jeri. Ƙa’idar ba ta da wuya: abubuwan da mahaɗi ya haɗa su zama masu siga ɗaya. In na farko suna ne, sauran su zama sunaye. In na farko sunan aiki ne, sauran su bi shi. Misalin da littattafai suka fi so shi ne irin “She likes reading, sewing and to cook”, inda biyu na farko suka ƙare da “-ing”, na ukun ya ɓalle ya ɗauki wata siga. Ana koyar da wannan a ajinmu kamar wani baƙon abu da aka sauke daga jirgi, yara suna kallo suna jinjina kai. Alhali kuwa in akwai abin da ɗan Bahaushe ya sha da nono a fannin salo, to wannan ne.

Dubi karin magana. “Rijiya ta ba da, guga ya hana.” Suna da aikatau, suna da aikatau, nauyi ɗaya, tsawo ɗaya. Babu “amma” a ciki, duk da haka ba wanda zai kasa jin saɓanin da ke tsakanin rijiya da guga. Daidaiton sassan biyu shi ne ya yi aikin mahaɗin. Ga “gaba kura, baya siyaki”. Ga “ga ƙoshi ga kwanan yunwa”. Ga kuma “ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi”, inda aka ɗauki aikatau biyu aka yi musu musayar wuri, sauran kalmomin suna nan daram. Gwada ka ɓata ɗaya, ka ce “rijiya ta ba da, amma sai aka samu hani daga wajen guga”. Ma’anar tana nan, amma karin maganar ya mutu, yaro ɗan shekara bakwai ma zai ji cewa wani abu ya karye. Masu nazarin waƙa, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, sun yi wa wannan salo suna tun tuni, jerin sarƙe, kuma ɗalibanmu suna nazarinsa a darasin adabi. Suna fito da shi daga waƙoƙin makaɗan fada da kirarin sarakuna da rubutattun waƙoƙi, suna cin maki. Sai dai ba wanda ya taɓa gaya musu cewa jerin sarƙen da suka yi da safe a ajin adabi shi ne ƙa’idar da ta kayar da su da rana a ajin Turanci. Darasi ɗaya ne aka raba shi tsakanin sassa biyu na kwaleji, kowane sashe da sunan da yake kiransa.

Kada a ɗauka a Turanci kaɗai ake karya wannan ƙa’ida. Na taɓa karanta tsarin mulkin wata ƙungiyar matasa ta unguwa, inda aka rubuta cewa manufofinta su ne “taimakon marayu da gyaran maƙabarta da kuma mu koyar da sana’a”. Biyu na farko sunayen aiki ne, na uku jimla ce mai zagi, an tilasta wa “da” ta ja abin da ba ta iya ja. Cire “kuma mu” kawai ake bukata, jerin ya miƙe: taimakon marayu da gyaran maƙabarta da koyar da sana’a. Irin wannan ne allon da yake cewa “muna sayar da atamfa da leshi da kuma ana ɗinki”. Wanda ya rubuta ba zai taɓa faɗin haka da bakinsa ga mai ciniki ba. Alƙalami ne yake raba shi da kunnensa.

Ga masu ganin wannan duk ƙyale-ƙyalen malamai ne, akwai wata shari’a da aka yi a Amurka da ya kamata su sani. Dokar ƙwadago ta Jihar Maine ta jera wasu ayyuka da suka shafi abinci mai saurin lalacewa, ta ce masu yin su ba su da haƙƙin ƙarin kuɗi in sun wuce lokacin aiki. Jerin ya ƙunshi zuba abinci a gwangwani da sarrafa shi da daskarar da shi da busar da shi da sauransu, ya ƙare da kalmomin da ma’anarsu ita ce “ƙunshewa domin jigila ko rarrabawa”, ba tare da waƙafi kafin “or” ba. Direbobin wani kamfanin madara mai suna Oakhurst Dairy suna rarraba kaya, amma ba sa ƙunshe su. Kamfani ya ce rarrabawa aiki ne mai zaman kansa a cikin jerin, saboda haka direbobi ba sa bin sa komai. Direbobi suka ce a’a, abu na ƙarshe a jerin shi ne ƙunshewa, ko domin jigila ko domin rarrabawa. Cikin hujjojinsu har da daidaiton jeri: duk ayyukan da aka lissafa sun ƙare da “-ing”, amma kalmar “distribution” ba ta ƙare da shi ba, siffarta irin ta “shipment” ce, don haka da ita take tafiya. A watan Maris na 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce dokar tana da harshen damo, kuma a irin wannan hali ma’aikaci ake fifitawa. A 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5. Majalisar jihar kuwa ta sake rubuta jerin, ta raba sassansa da waƙafi mai ruwa.

Abin da ya ja hankalina a wannan shari’a shi ne, da da tsohon zubin Hausa aka rubuta dokar, da ba a je kotu ba. Mai rubutu zai ce “da ƙunshewa domin jigila da rarrabawa” ko ya ce “da ƙunshewa domin jigila ko rarrabawa”, in ma yana tsoron ruɗani a ta farkon sai ya ce “da ƙunshe shi domin jigila da rarraba shi”. Kowane abu da ke cikin jeri yana zuwa da alamarsa a goshi, kunne yana ji, ba a jiran wani ɗigo da magatakarda zai iya mantawa. Wannan ita ce kadarar da muke yarwa duk lokacin da muka rubuta “atamfa, leshi, shadda da kuma yadi”. Mun ajiye zubin da ba ya ruɗarwa, mun ɗauko wanda masu shi suke kai juna ƙara a kansa.

To, ga hujjar da na ce zan dawo gare ta. Harshe rayayye ne, yana sauyawa, kuma “da kuma” ta riga ta shiga jaridu da labaran rediyo da littattafan adabin kasuwar Kano. Ba na jin akwai malamin da zai iya korar ta, ni ma ba na cewa a yi wa ɗalibi jan biro duk inda ya sa ta. Fagge da Sabon Gari wuri ne da harsuna suka daɗe suna gogayya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari wajen 1913, yaron wannan yanki yake tashi yana jin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka a rana ɗaya. Wanda ya ce Hausar irin wannan wuri ta tsaya yadda take a ƙamusun Bargery na 1934 yana neman abin da ba zai samu ba. Abin da nake ƙi shi ne sauyin da aka yi a makance. Marubucin da ya san zubi biyu ya zaɓi ɗaya, ya yi salo. Wanda bai san akwai na biyu ba, bai zaɓi komai ba, ruwa ne ya tafi da shi. Malamin da za mu yaye kuwa dole ya zama na farko, domin yara sittin ko fiye ne za su kwafi abin da ya rubuta a allo.

Wata hujjar ita ce, wannan aikin malamin Turanci ne, me ya haɗa malamin Hausa da shi? Amsa ita ce malamin Turanci sau da yawa ba shi da kayan aikin. A makarantu da dama na wannan yanki, musamman masu zaman kansu, mai koyar da Turanci ba Bahaushe ba ne, ko kuma yana jin Hausar kasuwa amma bai taɓa nazarin nahawunta ba. Yana ganin kuskuren, bai san daga inda ya taso ba. Wanda ya san tushen shi ne wanda ya karanta nahawun Hausa, tun daga littafin Farfesa M. K. M. Galadanci na 1976 har zuwa na bayansa. Tun da kuwa tsarin NCE ya ba ɗalibi damar haɗa Hausa da Turanci, muna da mutanen da suka dace da wannan aiki a cikin ajinmu. Abin da ya rage shi ne sassan biyu su daina tafiya kamar kishiyoyi, a ware ko da ’yan makonni ne a kwas ɗin fassara ko na insha’i, a ajiye jimlolin harsunan biyu gefe da gefe, a bi su gaɓa-gaɓa.

Buƙatar ta ƙara tsananta saboda yadda manufar gwamnati take juyawa. Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa a shekarun farko na firamare. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekara shida. A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan manufa da mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa. Ba wannan ne wurin yin muhawara a kan matakin ba. Amma ko da wane harshe aka ce malami ya yi magana a aji, ba a soke Hausar da ke cikin kan yaron Kwaciri da sanarwa. Da ita zai ci gaba da shirya tunaninsa, da zubinta zai ci gaba da jera jimlolinsa na Turanci. In an hana a ambace ta a aji, to an hana a gaya masa dalilin kuskurensa ke nan.

Bayan mako biyu na koma makarantar nan. Ɗalibin nawa bai rubuta kalmomi bakwai ba wannan karo. Ya rubuta “Rijiya ta ba da, guga ya hana” a saman allo, ya ce wa yara su nuna masa inda “amma” take. Suka duba, suka ce babu. Ya ce, “To ku mayar mini da shi Turanci ba tare da ‘but’ ba.” Aka yi ta gwadawa, aka ga ba ya zama sai an sa ta, ko kuma a sa waƙafi mai ruwa, wanda yawancinsu ba su taɓa amfani da shi ba. Wani yaro da iyayensa suke zaune a Sabon Gari ya ɗaga hannu ya ce a Turancin buroka ma ana jera zance haka ba mahaɗi, aji ya kwashe da dariya, malamin ya ce ya zo ya rubuta misali a allo. Yarinyar nan kuwa da ya tambaye ta jimlarta ta rannan, sai ta ce, “Malam, na je kasuwa na sayi shinkafa,” sannan ta tsaya tana ƙirga da yatsa inda “and” za ta shiga in an juya ta. Ba su kai ga “nor” da “yet” ba aka kaɗa ƙararrawa, domin minti arba’in kacal jadawalin ya ba wannan batu a zangon gaba ɗaya.